Ranar da banki ya ce yatsana ba nawa ba ne

Edita, sallama gare ku da masu karatu. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni magidanci ne mai shekara arba'in da ɗoriya, ina zaune a Panshekara da matata da 'ya'ya biyar, ina aiki a wani kamfanin fata da ke Challawa. Shekara ashirin da biyu na yi a sashen da ake jiƙa fata cikin ruwan sinadari don gashinta ya zube. Na san fata sanin gaske. Ko idona a rufe, in na shafa ta zan gaya maka ta akuya ce ko ta tunkiya, an yi mata gishiri da wuri ko an makara. Amma da za a rubuta sunana a bango da manyan baƙaƙe, zan wuce ban san da ni ake ba. Albashinmu a hannu muke karɓa, don haka ban taɓa taka ƙofar banki ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba.

Wata shekara, ana saura wata uku Babbar Sallah, manajan da ke sayen fata ya kira ni ofishinsa. Ya ce ya daɗe yana lura da idona a kan fata, yana so in je garinmu a Jigawa in tattaro wa kamfani fatun layya daga ƙauyukan kewaye. Kamfani zai ba ni kuɗin gishiri da mota da na sayen fata, in na cika alkawari in zama dillalinsu na dindindin, in bar tsayuwa cikin ruwan sinadari. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, in buɗe asusu irin wanda ake ba shi takardar cak, wanda 'yan banki ke kira karant, don kamfani ba ya ba da irin wannan kuɗi a hannu. Ranar na koma gida ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka.

A daidai lokacin an tsayar da sashenmu wata biyu ana gyaran injuna, hannuwana sun huta, har fatar yatsuna ta dawo sumul da zanenta. Sai ga ma'aikatan wani banki sun kafa rumfa a bakin ƙofar kamfani suna raba laima da hula. Wani matashi mai laktaye ya tare ni yana ta kirana Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Duk abin da na tambaya, amsarsa ɗaya ce, ba matsala. Da ya miƙo mini fam, kunya ta hana ni faɗin gaskiya, na ce na manta gilashina a gida. Ya cike da kansa, ya tambaye ni sa hannu zan riƙa yi ko dangwale, na ce dangwale ya fi mini sauƙi. Washegari ya kai ni reshensu mai sanyi da gilasai, na'ura ta ɗauki yatsuna nan take. Na zaɓi banki saboda laima, da sanyin ɗaki, da sunan Alhaji.

Akwai wani dattijo mutumin Damagaram da muka daɗe muna aiki tare. Da ya ga laimar ya yi dariya, ya ce in koma in gaya musu yatsan majemi rigar aro ce, yau tana jikinka gobe mai ita ya karɓe, kuma mai ita shi ne kamfani. Na ɗauka hassada ce, na ce masa ya bari in na zama dillali zan saya masa tasa laimar. Muka koma aiki, safar hannuna ta yage kamar kullum, na ci gaba da tsoma hannu kamar kullum.

Ana saura kwana huɗu Sallah kamfani ya zuba kuɗin. Na je banki kai tsaye daga wurin aiki. Mai gadi ya fara tare ni yana yamutsa fuska saboda warin fata, ya ce in tsaya gefe tukuna. Da na isa kanta na ɗora yatsa, na'urar ta ƙi. Aka goge da auduga, ta ƙi. Aka ce in shafa a goshina, in hura masa iska, in gwada sauran yatsun, duk ta ƙi. Na duba hannuna, sai na ga tafin yatsun ya yi santsi kamar bayan cokali. Aka tura ni teburin sauraron koke, inda na zauna tun hantsi har la'asar, mai teburin tana yi mini Turanci ba ta ko ɗago kai. Na kira matashin nan, wayarsa a kashe, aka ce ya bar aiki. Na koma washegari, na sake komawa. Ranar jajibere wani jami'i ya ce ba su da hanyar tabbatar da cewa ni ne mai asusun, tunda ba ni da sa hannu a wurinsu, sun aika maganar babban ofishinsu, in dawo bayan hutu. Na ce masa fata ba ta san hutu ba, in ta kwana biyu ba gishiri ta mutu. Ya ce wannan ba ɓangarensa ba ne, ya kira na bayana.

Na tafi garinmu da buhun gishiri biyu da na iya saya da abin da ke aljihuna. Mutane kuwa sun riƙe alkawari, tun ranar Sallah ake ta kawo fatu a kan babura da amalanke, saboda na aika musu kada su sayar wa kowa. Gishirin ya ƙare kafin magariba. Rana ta uku na ja gashin wata fatar rago ya biyo hannuna, na san magana ta ƙare. Ni da ƙannena muka haƙa rami a bayan gari muka binne fatun da mutane suka ba ni amana, limamin garinmu yana tsaye yana kallo, har da fatar ragonsa a ciki. Wannan kallon ya fi zagi zafi. Bayan sati uku aka saki kuɗin na mayar wa kamfani, manaja ya ce ya yarda ba cin amana na yi ba, amma ba zai iya ɗora kasuwanci a kan mutumin da banki bai san shi ba.

Na daɗe ina ɗora wa bankin laifi, kuma yana da nasa. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga ƙaryar gilashi ce ta fara binne fatun nan. Na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a wata firamare a unguwarmu bayan la'asar, wurin wani tsohon malami da ya yi ritaya. In ina aikin rana in rasa darasi, in na dawo ya maimaita mini. Matata takan leƙa littafina ta ce Malam, wannan rubutu ne ko kaza ce ta yi tono. Nakan ce ta bar kazar, wata rana za ta yi ƙwai. Shekara ɗaya da rabi na yi kafin sa hannuna ya tsaya iri ɗaya sau goma a jere.

Sannan na fita neman banki yadda nake zaɓen fata, da ido da hannu. Da gangan na riƙa zuwa da kayan aiki, a ƙarshen wata lokacin cunkoso, in zauna in kalli yadda ake yi wa tsofaffi da marasa Turanci. A na farko mai gadi ya nuna mini mai POS a tsallaken titi, na gode masa na wuce. A na biyu an karɓe ni da fara'a, amma da na tambaya me za a yi in na'ura ta ƙi yatsana, aka ce ba matsala, na ɗauki hulata. Na uku wani ƙaramin reshe ne a Sharada, fankarsa ma tana ƙara. Wata ma'aikaciya mai kimanin shekaruna ta ce Malam in ga hannun, ta duba ta ce ai wannan hannun Challawa ne, ta saba ganin irinsa. Ta gaya mini gaskiya cewa na'urar za ta riƙa ƙi, shi ya sa za a ajiye sa hannuna da hotona, a rubuta bayanin yatsuna a fayil, kuma a nan reshen za a warware, ba sai an jira wani gari ba. Ta bayyana mini da Hausa kuɗin da banki zai riƙa cira na hidima, ta bar ni na karanta fam ɗin da kaina ina bin layi da yatsa, ba ta duba agogo ba. Duk da haka ban saki jiki ba. Sai da na gwada cirar ɗan kuɗi sau biyu, na'urar ta ƙi, aka duba sa hannu aka biya ni, sannan na koma wurin manajan kamfaninmu na ajiye masa takardar sabon asusun a kan tebur, na sa hannu a gabansa. Ya duba sa hannun da kyau, ya ce in shirya wa Sallah mai zuwa. A bara, tun saura sati biyu gishirina yana garinmu, kuma fatar farko da na karɓa ta liman ce.

Abin da na koya shi ne, ba a gane banki a ranar da yake neman ka, sai ranar da kake neman sa. 'Yan uwana ma'aikatan fata, da masu rini, da duk wanda aiki ya cinye masa zanen yatsa, kafin ku dangwala ku tambaya me za a yi ranar da na'ura ta musa ku, kuma wa za ku gani. In aka ce ba matsala ba tare da bayani ba, ku tashi. In ba ku iya karatu ba ku faɗa, kunyar minti ɗaya ce, ni tawa ta ci mini shekara biyu da ramin fatu. Ajin yamma kuma ba ya korar mai furfura. Dattijon nan na Damagaram yanzu benci ɗaya muke zama da shi, ya kai harafin J, laimar ma na ba shi.