Hotunan da Ya Falmata Ta Ƙi Gogewa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Falmata, wadda duk unguwar Wulari aka fi sani da Ya Falmata Mai Hoto. Ciwon ƙoda ne ya kwantar da ita. Harsashi da bam sun yi ta kewaye ta a shekarun rikici, amma Allah bai rubuta nan ne ajalinta ba, sai a kan gadon asibiti, hannunta cikin nawa. Ni malamar firamare ce, har yau ban iya riƙe kyamara ba. Sai dai na yi shekaru ina biyawa gidanta idan an tashi daga makaranta, in zauna a gefenta tana aiki, don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Ba da niyya ta shiga sana'ar ba. Wani ɗan ƙabilar Ibo, Oga Emeka, yana da shagon hoto kusa da Kasuwar Litinin, kuma kullum kukansa shi ne ba a barin namiji ya shiga wajen mata a gidan biki. Ya Falmata ta je wanke hotunan sunan ɗanta, ta tsaya tana yi masa gardama cewa ya ƙona fuskar jaririn da haske. Sai ya miƙa mata kyamarar ya ce to ta gwada. Daga nan ya koya mata ɗauka, ya koya mata gyara a kwamfuta. Da gari ya yi zafi ya kwashe iyalinsa zai koma gida, ya bar mata kyamarar da kwamfutar, ya ce ba su da amfani a hannun da ba nata ba. Mahaifiyarmu ta daɗe tana ɓata rai, wai mace da kyamara kamar 'yar jarida. Mijin Ya Falmata, Malam Kyari, kuwa shi ya kafa mata tebur a ɗakin zaure, ya ja mata wayar wuta.

Tana da tsarinta, kuma ba ta taɓa karya shi ba. Idan ta dawo daga biki, kafin ta cire lafayarta, kafin ta sha ruwa, sai ta zare memori daga kyamara ta juye komai cikin kwamfuta. Ta buɗe wa bikin jakarsa a cikin kwamfutar, ta sa sunan gari da sunan amarya. Sannan ta sake kwafe shi a wani ɗan akwatin ajiya da ake jonawa da kwamfuta. Irin akwatin nan biyu gare ta, ɗaya a gidanta, ɗaya a gidan mahaifiyarmu a Maisandari, a cikin kwallar da ake ajiye turaren wuta. Hotunan yadda suka fito daga kyamara ta kan kira su ɗanyu, kuma ba ta taɓa su. Idan za ta yi gyara sai ta kwafi ɗaya ta yi aikinta a kansa: ta rage hasken da ya yi yawa, ta daidaita launin lafaya ya dawo yadda ido ya gan shi, ta yanke gefe, sannan ta kai a wanke. Wanda ya fito dishi-dishi, wanda amarya ta rufe ido, wanda wata ta gifta ta ɓata, duk ba ta gogewa. Na sha yi mata tsiya cewa tana tara shara. Sai ta ce, "Yagana, mutane ne a ciki. Ni ba na goge mutum."

A shekarun nan kyamara abin tsoro ce. Duk wanda ya gan ka da ita sai ya yi zargin wani ne ya aiko ka. Maza masu hoto da yawa sun ajiye sana'ar. Ita kuwa sai ta naɗe tata a zani ta sa cikin kular abinci, ta hau keke mai ƙafa uku. A shingen bincike ita da kanta take buɗewa, ta kunna, ta nuna wa jami'an tsaro amare cikin lulluɓinsu. Dokar hana fita ta mayar da bukukuwa tsakar rana, lokacin da rana ke faɗowa tsaye ta zuba wa mutum inuwa a ƙarƙashin ido. Sai ta koyi jan amarya da ƙawayenta zuwa gindin dogonyaro, ta sa wata ta riƙe farin mayafi a gefe don ya mayar da haske a fuska. An yi watanni babu layin waya, an yi makonni babu wuta. Ta kan jira janaretan maƙwabci ya tashi ta cika batir, ta yi gyaran abin da ya samu. A ganinta, duk gidan da ya yi ƙarfin halin ɗaura aure a wannan lokaci ya cancanci a tsaya a ɗauke shi da kyau.

Abu ɗaya ne ya sha haɗa ta da amare. Su ce ta ƙara musu fari, ta share musu zanen fuska. Ƙurji ko maiƙon gumi tana cirewa, don ta ce baƙi ne, gobe ba sa nan. Amma launin fata da zanen gado ba ta taɓawa. Wasu sun yi fushi sun kai aikinsu wani wuri. Ba ta roƙe su ba.

Bayan garin Bama ya faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya mutane suka kwararo Maiduguri a ƙafa, sai wata rana wani dattijo ya yi sallama a zaure. Sunansa Ba Aji, tela ne, yana riƙe da hannun 'yarsa ƙarama. Ya ce matarsa Kolo ta rasu a hanya, ya binne ta a daji da taimakon wasu da bai ma san sunansu ba. Gidansu ya ƙone da duk abin da ke ciki. Yarinyar ta fara tambayarsa yadda kamannin uwarta suke, shi kuma idan ya rufe ido sai ya ga lafayarta, ya ga tafiyarta, fuskar kuwa ta fara ƙin zuwa. An gaya masa cewa shekaru kaɗan da suka wuce wata mai hoto daga Maiduguri ta je bikin 'yar maƙwabcinsu, kuma Kolo na cikin masu girki.

Jakar bikin tana nan, ba a ɗauki lokaci ba aka same ta. Matsalar ita ce hotunan cikin gida ne, matan mutane ne, wasu ba mayafi, wasu suna rawa. Ba Aji ya matso zai duba, Ya Falmata ta juya kwamfutar.

"Baba, ka yi haƙuri. Waɗannan amana ce, namiji bai taɓa ganinsu a hannuna ba."

"'Yata, ni matata kawai nake nema."

"Na sani. Ka faɗa mini kamanninta, ni zan nemo maka ita."

Na ga ransa bai so ba, ni ma a lokacin na ga kamar ta tsananta. Amma ya zauna a tabarma ya fara siffantawa: doguwa, baƙa, mai wushirya, da tabon ƙuna a bayan hannun dama. Ya Falmata ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta ga ta yi kama, sai ta yanko fuskarta kaɗai, in kanta a rufe yake, ta nuna masa. Ya girgiza kai. Ta sake yanko wata, ya girgiza kai. Har batir ya mutu ba a dace ba. Ya tafi, ya dawo washegari, haka aka sake yi. A cikin hotunan da ta gyara ta bai wa masu biki, babu Kolo ko ɗaya. Masu girki ba sa shiga layin hoto.

Sai ta koma kan ɗanyun, cikin waɗanda ni nake kira shara. Akwai wani da ta ɗauka bisa kuskure, kyamarar ta karkace, rabinsa katanga ce. A can ƙuryar, cikin duhun rumfa, akwai inuwar mace a tsugune gaban tukunya. Ta jawo wurin, ta riƙa ɗaga haske a hankali, kaɗan-kaɗan don kada hoton ya farfashe. Muna kallo hannu ya fito riƙe da ludayi, da tabo a bayansa. Sannan fuska ta fito, ta juya gefe tana yi wa wata dariya, hayaƙi ya rufe ɓarin hagu.

Ba Aji ya matso. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tebur kusa da kwamfutar, ya daɗe a haka. Sannan ya ce wa yarinyar da Kanuri ta zo ta gaida uwarta.

Can ya tambaya ko za a iya cire hayaƙin a cika ɗaya ɓarin. Ya Falmata ta ce za ta iya kwafo ɓarin dama ta juya shi ta liƙa, kuma zai yi kyau. "Amma Baba, wancan ɓarin aikin hannuna zai zama, ba Kolo ba. Yarinyar nan za ta girma tana kallon fuskar da uwarta ba ta taɓa yi ba. Idan ka ce in yi, zan yi, matarka ce." Ya tashi ya tafi. Bayan sallar Juma'a ya dawo ya ce a wanke masa shi da hayaƙinsa, domin dama a bakin murhu ya fi saninta.

Labari ya bazu a sansanonin gudun hijira. Zauren nan ya koma wajen neman mutane. Wasu sun samu, da yawa ba su samu ba, domin ba kowane gari ta je ba. Waɗanda ba a samu nasu ba ta kan zaunar da su ta ɗauke su tare da 'ya'yan da suka rage musu, ta ce a fara daga nan.

Yau ina kallon abin da waya ke yi. Ɗalibaina na dā, waɗanda suka zama 'yan mata, suna turo mini hotunansu in kasa gane su: fata ta yi fari, hanci ya tsaya, zane ya ɓace. An nuna mini yadda ake ba na'ura tsohon hoto ta cika fuska da kanta, har ta sa mamaci ya ƙyafta ido. Na kan tambayi kaina me Ya Falmata za ta ce. Na tabbata ba za ta guje shi ba, don ba ta tsoron sabon abu. Da ta kwana biyu tana latse-latse sai ta fi yaran iyawa, kuma da ta yi murna da yadda yanzu ake fito da haske daga duhu ba tare da hoton ya lalace ba. Amma na san tambayar da za ta fara yi: ina ɗanyen? Kuma na san da ta yi faɗa da duk mai ɗaukar biki ya bar shi a waya ɗaya, wayar ta faɗa ruwa shi ke nan.

A asibiti, da ta ga jikin ba na tashi ba ne, ta kira ni da Malam Kyari. Ba ta yi maganar kyamara ba. Ta ce hotunan garuruwan nan ba nata ba ne, ajiya ce, duk ranar da mutane suka koma gida a mayar musu da kayansu, na mata a hannun mata.

Mun daɗe ba mu iya cikawa ba, sai da hanya ta yi dama-dama. Malam Kyari ya biya kuɗi, ni na kai aka wanke na Bama, na zauna na ware su gida-gida, muka bi ayarin motoci. Gidan da aka yi bikin nan mun tarar da shi fili, sai tarin bulo da masu gini suna awo. Uwar amaryar, tsohuwa ce sosai yanzu, ta karɓi hotunan ta zauna a kan bulo tana dubawa, mata suka kewaye ta. Ana kiran sunaye: wannan tana Kamaru, wannan ta rasu, wannan ga ta nan tsaye tana dariya tana kuka. Can tsohuwar ta ƙura wa wani hoto ido, ba mutanen take kallo ba, bayansu take kallo. Ta miƙe ta kira babban maginin, ta nuna masa da yatsa.

"Ka gani? Na gaya muku ƙofar ɗakina gabas take kallo, kuka ce tsufa ne. Ku tone wannan, ku mayar mini da ita inda take."

Maginin ya duba hoton, ya duba harsashin da suka haƙa, ya sa aka cire igiyar awo.

Ban san me ake aunawa a ce mutum ya bar wani abu a duniya ba. Yayata ba ta gina gida ba, ba a taɓa buga sunanta a jarida ba sai yau. Amma a lokacin da ake ƙona garuruwa, ita tana zaune a zaure tana adana mutanensu, kuma ta mayar da su ga masu su ba ta ci amanar ko ɗaya ba. Ni dai duk inda aka tambaye ni, ina ɗaga kai in ce ƙanwar Falmata Mai Hoto ce. Allah Ya jiƙanki Ya Falmata, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ƙasarmu lafiya mai ɗorewa.