Eka da Hekta a Gonar Babanmu

Damina ta uku bayan ƙasarmu ta samu 'yancin kai, wata safiyar Laraba da aka kwana ana ruwa, yayana Ilu ya tsaya a kan tudun gonarmu ta Mai Yara, ya sa hannu a goshi, ya ce gonar nan za ta yi eka goma. Ban taɓa jin kalmar ba. Ya ɗauko ta ne daga Jibiya, can ƙetaren iyaka, inda yake bin Kawu Mamman fataucin gujiya duk rani, ya ce da ita Turawan Ingila suke faɗin girman ƙasa. Ni kuwa ina lakwal, wato makarantar boko, a Dakoro, kuma malaminmu da muke kira mushe ya koya mana hekta irin ta Faransawa, sai na ce ƙarya yake, ƙasa da hekta ake auna ta.

Gardamar nan ta ci mana damina guda. Ina biye da shi ina jefa iri a rami ina rufewa da diddige, muna yi. Ina kai fura gona da hantsi, muna yi. Har korar tsuntsaye da gero ya fitar da kai, yana can gefe yana ƙwala mini kira, "Ke Hekta!" ni kuma in amsa da "Na'am, Eka!" Babanmu bai shiga ba. Shi a wurinsa gona ana sanin girmanta ne da damin da ta cika rumbu da shi. In mun dame shi sai ya ce, "Ku bar ta, gona ba ta jin Turanci, hauya take ji."

Da aka gama girbi Ilu ya ɗaure tabarmarsa ya bi kawu. Ya ce in ya dawo zai zo da igiyar awo mu raba gardama. Da bazara kawu ya dawo shi kaɗai, ya durƙusa a zaure gaban Baba, ya ajiye tabarmar Ilu. Zazzaɓi ne ya kama Ilu a can ya rasu, aka binne shi a maƙabartar garin. Inna ta amshi tabarmar ta shiga ɗaki. Daminar da ta biyo Baba ya noma rabin gonar, ƙarfinsa ya tsaya nan, sauran ya bar wa maƙwabcinmu. Ni na riƙa kai masa fura, mu zauna ƙarƙashin gawo ya sha, in ɗauki ƙwarya in koma gida.

Yau gonar an yanyanka ta tsakanin jikoki, kowa da ɗan yankinsa da bai kai a kira shi gona ba, samari na zagaya iyaka da waya a hannu suna faɗin mitoci. Inna ta rasu tana roƙon a kai ta Jibiya ta ga kabarin ɗanta, ba a samu hali ba. Ni ma na tsufa ban je ba.