Ƙashin Ranar Litinin

"Ni ban ce ba ki iya ba," in ji Tonton Firmino. "Cewa na yi ba kya ganin wutar."

"Ita tana ganina ne?" in ji Tanti Leocadia. "Sama da shekara sittin muna tare da ita, ba ta taɓa kawo maka ƙarata ba."

"Watan jiya fa, zanen wa ya kama?"

"Zanen dama ya tsufa. Miƙo mini ƙashina."

Safiyar Litinin ce, washegarin bikin Bonfim, babban bikin da zuri'armu take yi duk shekara. Ina gefen tsakar gida ina gyaran bencinan da baƙi suka karya, don ni ne kafintan gidan. Su biyun yayyen mahaifina ne, shi ya sa nake ce musu Tonton da Tanti, wato baffa da gwaggo, kuma tunda ya rasu su kaɗai suka rage a ɗakinsu. Tanti ce babba, ta kusa tamanin. Tonton shi ne mai gida, amma har yau idan ta kira sunansa sai ya gyara zama.

A gidanmu na Porto-Novo duk shekara akan yi bandar cinyar alade guda saboda bikin. Mai yanka wa baƙi yakan bar nama kaurin yatsa biyu a jikin ƙashin, wannan rabon Litinin ne, ba a taɓa shi. Ƙashin kuma na babbar 'yar gida ne, ba a ba matar da aka auro. Ita za ta dafa wake da shi, waɗanda suka sha wahalar biki su zauna su ci: masu girki, makaɗa, masu ɗaukar kujeru, duk wanda bai sami zama ba ranar Lahadi.

Shekara uku ke nan da ciwon yanar ido ya rufe idanun Tanti. Aka fara karɓe mata keken ɗinki, sannan zuwa kasuwa, daga baya aka hana ta fita coci ita kaɗai. Ba ta yi gardama a kan ko ɗaya ba. Tukunyar Litinin ce ta rage mata, ita ce kuma Tonton yake so a miƙa wa 'yarsa Honorine. Sai da suka yi mako guda suna ja, suka tsaya a kan cewa bana za ta dafa ba tare da kowa ya sa mata hannu ba. Idan ta ƙone, ko waken bai ciwu ba, ta sauka ke nan.

Tonton ya ɗauko ƙashin a naɗe cikin ganyen ayaba ya ɗora mata a cinya. Da ta buɗe, sai matan da ke wanke-wanke suka tsaya. Fari ne fat. An kankare shi har ba tsokar da kyanwa za ta tsaya lasa. Honorine ta dubi ubanta, shi kuwa ya dubi takalmansa.

Tanti ta bi ƙashin da yatsu daga sama har ƙasa, ta juya shi, ta sake bi. Ta daɗe tana haka. Sannan ta tambayi wanda ya yi yanka jiya. Tonton ya ce taro ya yi yawa bana, hannaye da yawa sun bi ta kai, wa zai iya sani.

"To," in ji ta.

Abin da ta fara yi shi ne ta je bakin randa, ta ɗebi ruwa ta jiƙa gefen zanenta sharaf, ta tattare shi ta cusa a ƙugu. Ta hura gawayi a kurfoti, tana gwada zafinsa da bayan hannu. Da ya yi ja, ba tukunya ta ɗora ba. Ƙashin ta kwantar a kan garwashin, tana juya shi da cokali mai yatsu, hancinta a sama kamar mai jiran ruwan sama.

Bencina yana kusa da ita, kuma ta san ni ba mai katse magana ba ne, sai ta shiga ba ni labari ba tare da ta juyo ba. Ta ce tana 'yar shekara goma sha biyu wata cuta ta shigo gari ta kashe aladu, a duk unguwar gida ɗaya ne ya sami cinya. Bayan biki ƙashin ya zaga gida huɗu, kowane gida ya dafa ya tsame ya aika wa na gaba, namu ne na huɗu. Kakarta Benedita ta karɓe shi ya fi wannan fari, ta ce wa jikokinta waɗancan gidajen bayansa kawai suka ci, cikinsa yana nan yana jiran mai haƙuri. A ranar ce Tanti ta fara tsayawa a bakin wannan tukunya. Daga baya ta yi shekara talatin da huɗu tana dafa wa limaman coci abinci, ta auri wani mai tuƙin kwalekwale, ya rasu bai bar mata ɗa ba, ta dawo gida da akwati ɗaya da ludayin kakarta. A duk shekarun nan ba ta taɓa fashin Litinin ɗin ba, har shekarar da take takaba.

Ƙashin ya fara tsatso da mai, ya yi launin zuma. Ta sauke shi a kan turmin da aka kifa, ta bari ya huce kaɗan. Sai ta ɗauki cokali ta riƙa ƙwanƙwasa shi daga wannan kai zuwa wancan, kunnenta dab da shi. Ni duk sauti ɗaya nake ji. Ita kuwa ta wuce wani wuri, ta dawo baya, ta sake bugawa, ta ɗora babban yatsa a kai. Ta laluba adda a inda take jingine, ta juya bayanta, ta janye yatsan, ta sauke sau ɗaya. Ƙashin ya tsage a tsaye kamar rake, ɓargo ya bayyana yana tururi.

Na ajiye gudumata. Ni da nake sara itace kullum da idanuna biyu lafiya lau, ban taɓa samun tsaga mai kyau haka a bugu ɗaya ba.

Daga nan ta miƙe, ta bi bango da hannu har ɗakin banda, leɓenta yana motsi tana ƙirga taku. Ta fito riƙe da igiyar da aka rataye cinyar da ita. A ƙarshen igiyar akwai guntun ƙauri mai baƙar fata, tauri kamar takalmi, wanda mai sauke nama yakan datse ya bari a ƙusa don ba mai iya tauna shi. Ta ce kowace shekara yana can, ba wanda yake tunawa da shi. Nan hayaƙin wata guda ya taru, nan gishirin ya kwanta. Ta kankare toka, ta wanke shi sau ɗaya tak, ta jefa a tukunya tare da ƙashin da jan waken da ta jiƙa tun jiya, ta zuba ruwan sanyi ya sha kansu.

Honorine ta matso da kanwa a hannu, ta ce ko a ɗan jefa don ya yi saurin laushi. Tanti ta ce kanwa ta mai sauri ce, ita ba inda za ta, kuma an ce kada a sa mata hannu. Gishiri ma ba ta zuba ba, ta ce sai ƙashi ya gama faɗin nasa tukuna.

Sa'a uku ta yi zaune a kan kujerar tsugunno, kanta a karkace wajen tukunya. Wani lokaci ta zare gawayi ɗaya, wani lokaci ta ƙara ruwan zafi rabin moɗa, ba ta buɗe murfin sai da dalili. Na tambaye ta me take saurara. Ta ce ɗanyen wake ƙwanƙwasa tukunya yake yi kamar baƙo a bakin ƙofa. Idan ya fara nuna sai bugun ya yi nauyi, idan ya nuna sai ya daina bugu ya koma numfashi. Na kasa kunne iyakar iyawata. Can wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji abin da take nufi, ko dai na zaci na ji, domin daidai lokacin ta ce ya yi.

Ta kwashi rabin waken ta murƙushe da bayan ludayi a jikin tukunya har ruwan ya yi kauri. A ƙaramin kasko ta zuba man gyaɗa, ta yanka albasa a tafin hannunta, ta haɗa da tumatir da attarugu da tafarnuwa da ta niƙa a dutse. Tana zubawa ruwan tumatirin ya faɗa cikin mai, wuta ta tashi a kaskon har tsayin kamu biyu.

Tonton, wanda tun safe yake zaune ƙarƙashin mangwaro da jaridar da bai juya ko shafi ɗaya ba, ya zabura. Kafin ya miƙe sosai ta riga ta laluba faifan ƙarfe ta kife a kan kaskon, wutar ta mutu.

"Zauna, Firmino," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Kujerarka tana kuka."

Ya koma ya zauna.

Da ta juye suyar cikin waken, ƙamshi ya haura katanga. Alhajiya Sikiratu, 'yar'uwarsu ta ɓangaren musulmin zuri'armu, wadda takan dafa tata tukunyar da ƙashin rago a gidanta na tsallaken titi, ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce Leo ta rufe tukunyarta haka nan, ta hana unguwa sakat. Tanti ta ce ta toshe hanci ta koma, ragonta yana can yana kamu. Alhajiya ta tsaya ta saurari iska, ta ce wallahi kuwa, ta juya da sauri tana dariya.

Sai a ƙarshe Tanti ta ɗanɗana a bayan hannu, ta zuba gishiri abin da yatsa uku suka ɗauka.

Mai gida ne yake fara ci. Aka zuba wa Tonton, ya barbaɗa garin rogo a kai, ya kai cokali baki. Makaɗa sun jeru da kwanukansu suna kallonsa. Ya haɗiye, ya sake kai wani, bai ɗago kai ba har ya ga ƙasan kwanon, sannan ya miƙa wa Honorine ta ƙara masa. Da nawa ya zo hannu na gane dalili. Ba tsoka ko ɗaya a ciki, amma kowane cokali sai ka rantse nama ka ci. Baƙar fatar nan ta narke ta bi ruwan, har leɓe yana manne wa juna. Wani tsohon makaɗi ya ce shekara ashirin yana cin Litinin a gidan nan, bai ci kamar ta bana ba, ya tambaya ko cinya biyu aka yi.

Da mutane suka ragu, Tanti ta tsamo ɓarin ƙashin, ta goge shi, ta kira ƙaninta ya zo kusa. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan sawun wuƙa, ta bi da shi a hankali.

"Ka ji inda ta kwanta? Duk gidan nan mutum ɗaya ne yake jan wuƙa ta wannan gefen. Tun kana yaro Mama take ɗaure maka hannun hagu, ni nake kwance maka a ɓoye."

Tonton ya sunkuyar da kai. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya amsa cewa shi ne ya kankare ƙashin. Ya ce ya ɗauka idan ta ji ƙashin ba komai za ta yi fushi ta bar shi, a huta. Ya ce tun ranar da ya ga wuta tana hawa zanenta ita kuma tana ta tankaɗe ba ta sani ba, abin bai bar idonsa ba.

"Ke kaɗai kika rage mini, Leo."

Ta ja hannunsa ta kai gefen zanenta. Har lokacin da danshi, sau uku na ga ta sake jiƙa shi.

"Na ji maganarka tun watan jiya," in ji ta. "Baɗi ka bar mini yatsa biyu. Naka yatsun masu kauri, ba na Honorine ba."

Ta kuma ce Honorine ta zo ta zauna kusa da ita baɗin, amma ta zo da ɗankwalin da za ta ɗaure ido, don mai kallon tukunya ba ya jin ta. Honorine ta ce za ta zo. Tonton ya share fuska da hularsa, ya ce ai shi yatsa uku ma zai bari. Ta ce biyu aka gada, kada ya ɓata mata wake da nama.

Sai ta cika wani kwano, ta rufe, ta ɗaure da tsumma. Na tsohon mai kaɗa ƙararrawar coci ne, wanda ƙafa ta hana shi zuwa, gida uku daga namu. Na yunƙura zan karɓa, ta ce in gama bencina, ƙafarsa ɗaya har yanzu ta fi sauran gajarta, tun safe take jin yana rangaji. Ta ɗora kwanon a ka, ta miƙa hannu ta sami bango.

Tonton ya yunƙura zai tare ta, ya dube ta, ya koma ya zauna. Ta bi bangon har ƙofa tana ƙirga taku, ta ɗaga ƙafa daidai dokin ƙofar, ta fita.