Ranar da Kasuwa Ta Ji Muryar Inna

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunana ba. Wancan take ce mini, in ta ji daɗi ta ce mai lasifika. Ko zazzaɓi nake yi ba ta tambayata, sai ta aiko ƙanwata da kunu. Wannan kunya ita ce mutuncinta a cikin mata, har misali ake yi da ita.

Ina da ɗan shago a bakin kasuwar Bukkuyum, ina ba da hayar kayan sauti. Shekarar da na sayo makirfo mai tsada daga Gusau, irin mai kama ko numfashin mutum, na yi ta cika baki. Ranar kasuwa na kafa ta a shago, na jona da babbar lasifikar da ke waje. Shiru. Na canza waya, na bubbuga, na zagi wanda ya sayar mini. 'Yan kabu-kabu da ke tsaye a ƙofa suna ta yi mini tsiya, wai na sayo kurma.

Ana cikin haka Inna ta shigo shan inuwa, ita da aminiyarta, wata Bafulatana mai tallan nono. Suka zauna a benci, dab da makirfon. Ni kuwa na kira wani abokina mai sana'ar a Gummi. Ya yi dariya, ya ce irin wannan ba ta magana sai an tura mata wuta ta cikin wayarta, in duba bayan mikisa, wato na'urar haɗa sauti, akwai ɗan maɓalli da aka rubuta arba'in da takwas. Na danna, na fita waje in saurari lasifika.

Sai ga muryar Inna ta cika kasuwa. Raɗa take yi, amma ba harafin da ya ɓace. Tana gaya wa aminiyarta yadda ta kusa rasa ni ina jinjiri, da yadda har gobe in na tafi aikin biki Anka ba ta iya cin abinci sai na dawo. Kuma ta faɗi sunana.

Na ruga na fizge wayar. Kunya ta kama ni, abin da ya fi ba ni kunya kuwa shi ne daɗin da na ji. Ko 'yan kabu-kabun nan marasa ta-ido duk sun sunkuyar da kai.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta dube ni ba, bango ta tambaya:

"Wanga abu, an jiya waje?"

"A'a Inna, hayaniya ta yi yawa."

"To," in ji ta. Ta taya aminiyarta ɗaukar ƙwarya, suka fita ta ƙofar baya. Wata da watanni ƙanwata ce ke yi mata cefane.