Makaniken da Ke Tayar da Inji Babu Gari

Baba Makanike ake ce masa tun kafin ya yi furfura. A bayan gareji ya taso, ya fara da gyaran injin niƙa, daga nan masana'antar magani da ke ƙarshen layinsu ta ɗauke shi aiki. Shi ke kula da babban injin da ke matse garin magani ya zama ƙwaya. Matarsa takan tsokane shi da cewa ya fi sanin tarin injin nan fiye da na 'ya'yansa.

Maganin ciwon hanta suke yi, mai araha, irin wanda talaka ke iya saye. Yayarsa ma shi take sha. Ana nan sai wani kamfanin ƙasar waje ya kai ƙara, ya ce shi ya ƙirƙiro maganin, shi ke da haƙƙin mallakarsa, ba wanda zai yi irinsa sai da izininsa. Kotu ta ce a dakata. Na kamfanin yana nan a kantunan magani, amma mutanen layin sai dai su tambayi farashi su juya.

Aka sallami ma'aikata, aka bar Baba da mai gadi. Aikinsa ya riƙa tayar da injin jefi-jefi, babu gari a ciki, don kada ya yi tsatsa. Da rana tsaka yake yi, lokacin da wuta ta fi ƙarfi. Ɗakin fari fat, ba kowa, rigunan ma'aikata na rataye a jere, injin yana ta bugun iska.

Duk ranar da ya tayar, sai ya hangi mutane ta taga sun taru a bakin ƙofa. Sun ji ƙara, sun zaci an dawo aiki. Da farko yakan fita ya ba su haƙuri, su watse. Daga baya ya lura wasu ba sa watsewa, ba sa kuma magana. Suna tsaye cikin rana, idanu rawaya, kowa ya dafe gefen cikinsa na dama.

A damina ta biyu yayarsa ta rasu. Bayan an share makoki ya koma ya tayar da injin, ya leƙa taga. Taron ya ƙaru. Can gefe, kusa da sandar wuta, ga wata mata da koren mayafi, ta karkata kai yadda yayarsa ke yi idan tana jiran a gama magana. Ya kashe injin, ya fito da maiko a hannu.

"Malam, mutanen nan fa?" ya tambayi mai gadi.

Mai gadi ya dubi titi, ya dube shi. "Waɗanne, Baba? Tun safe mai gyaran takalmi kaɗai ya wuce."

Bai gaya wa kowa ba sai matarsa, ita kuma ta ce ya bar aikin. Ya ce in ya bari injin zai mutu, ranar da aka buɗe babu abin da za a yi da shi. Sai ya liƙe tagar da kwali, ya ci gaba.

Wata rana manaja ya zo da wata lauya. Ta yi musu bayani cewa gwamnati ta ba masana'antar lasisin dole: idan cuta ta yi yawa kuma magani ya fi ƙarfin jama'a, doka ta yarda a yi shi a gida, a riƙa ba mai haƙƙin wani kaso. Baba ya tambaye ta ko sabuwar doka ce aka yi.

"A'a, Baba. Tana nan tun kafin a rufe ku. Wanda zai sa hannu ne ba a samu ba."

Ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa.

Aka dawo aiki, injin bai ba da matsala ko sau ɗaya ba. Baba ya koya wa wanda zai gaje shi, sannan ya ajiye aiki, ya buɗe rumfar gyaran janareta a ƙofar gida. Yana nan da ransa, yana wasa da jikoki. Sai dai matarsa ta ce idan zazzaɓi ya kama shi aka ba shi ƙwaya, ba ya sha nan take. Yakan riƙe ta a tafin hannu, ya juya baya ya miƙa ta, alhali ba kowa a wurin, ya ɗan jira, sannan ya nemi ruwa.