'Yar Mahauta ta Ƙofar Ruwa

Ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, yayana ya so wata 'yar mahauta daga Ƙofar Ruwa. Mu kuwa gidan malamai ne a Koki. Ita ke kawo mana nama daga rumfar babanta, ga ta da kunya, Innarmu ma tana sonta.

Da kawunmu ya kai wa Baba maganar auren, sai Baba ya kira yayana, ya ce, "Ban ga aibun yarinyar ba. Amma mu ba ma haɗa zuri'a da mahauta. Me zan ce wa dangi?"

Yaya ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Baba."

Bai sake tayar da zancen ba. Da kaka ta yi, ya bi 'yan goro zuwa Kumasi. Can ya zauna, can aka binne shi, ba mu ƙara ganinsa ba. Ita kuma ta auri wani majemi a Dala.

Bayan Baba ya tsufa, wata rana ina zuba masa ruwan alwala, ya ce mini, "Da na sani, da na ƙyale yaron nan."