Kifi Mai Gefe Ɗaya

Saura kwana huɗu Baba ya koma gida, ni kuwa ina yawo da maganar likita a cikina kamar wanda ƙaya ta maƙale wa a wuya. An yi masa aikin zuciya a nan Kuala Lumpur, inda nake karatu, aikin kuma ya yi kyau. Amma ranar da muka koma a duba shi, likitan ya zauna ya yi bayani da Turanci dalla-dalla: ba tuƙa kwalekwale, ba jan taru, ba jefa birgi, har iyakar rayuwa. Baba ya juyo ya dube ni, don ni ne tafinta. Na ce, "Ya ce ka ɗan huta, Baba." Ya gyaɗa kai. Mutumin da tun kafin a haife ni yake su a kogin Haɗeja, da wane baki zan ce masa shi da kogi sai kallo?

Gidanmu a unguwar Setapak hawa na goma sha huɗu ne, Baba kuma bai taɓa zama inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Daga falo ya nufi baranda, daga baranda ya dawo falo, yana lissafin ranar da ruwa zai sauka a gida da irin gyaran da kwalekwalensa yake bukata. Ni ma ba zama nake iyawa ba. Tun ina yaro yake cewa kamar kan kiyashi aka haife ni, shi ya sa ma ya tura ni boko ya riƙe ƙanena a ruwa. Sai ga mu mu biyu muna karo da juna a ɗan falon nan, matata tana kallonmu. In na shiga kicin sai ta rage murya ta ce, "Ka gaya masa mana. It's not fair, wallahi." In ce gobe. Goben ta zo in sake cewa gobe.

Na kai shi tafkin Titiwangsa don ya sha iska. Kuskure na yi. Ya tsaya bakin ruwa yana kallon kifaye suna kai-komo, manya-manya, ba mai taɓa su. Ya ce, "Duk wannan na waye?" Na ce na kallo ne. Ya yi tsaki ya ce mu tafi gida.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne Bamalaye, tsohon direban bas, kowa Pak Cik yake ce masa, wato kamar a ce kawu. Shi ya ga sandunan fatsarsa sun ɗauki idon Baba a cikin lif, ya ce ranar Asabar mu bi shi bakin teku. Na tambayi likita a waya, ya ce zama a kujera da sanda mara nauyi ba komai. Muka yi sallar asuba muka kama hanya, da shinkafa ƙulle a takarda da muka saya a shagon mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, na ƙasan bene. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Duk hanya ina shirya maganar a raina, ina rushewa. Na ce a mota zan faɗa. Da muka wuce gonakin kwakwar manja na ce a'a, sai mun sauka.

Ruwan wurin ba shuɗi ba ne irin na kalanda, ruwan ƙasa-ƙasa ne, yana zuwa yana komawa a kan yashi. Kifin da Pak Cik ya zo nema sunansa ikan sebelah, kifi mai gefe ɗaya. Ya sa mana jatan lande a ƙugiya, da 'yar dalma a sama don ta nutse, ya nuna wa Baba yadda ake wurgawa. Sau ɗaya aka nuna masa. Ya karɓa, ya jefa, zaren ya tafi nesa fiye da na mai sandar. Na ga fuskarsa ta saki a karon farko tun da ya sauka daga jirgi.

Daga nan ya yi abin da ya saba. Ya soke gindin sandar a yashi, ya tara ƙasa ya danne, ya koma kujera ya harɗe hannu. Haka ake yi wa tarwaɗa a kogi: ka ajiye mata abinci, ka ɗauke inuwarka daga ruwa, ita za ta biyo ƙamshi ta zo. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Pak Cik kuwa bai ajiye tasa ba. Yana tsaye, ya naɗe zare kaɗan, ya tsaya, ya ɗan ɗaga kan sanda, ya sake naɗewa, yana jan jatan landen a kan yashin ƙasan ruwa. Ya dubi sandar Baba a kafe ya ce da ni, "Tell your father, this fish lazy one. Dia tidur in the sand. Must pull slow-slow, lah. If leave like that, only crab makan." Ma'ana kifin kwance yake cikin yashi, ba ya yawon neman abinci, sai abu ya gifta ta gabansa yake kai cafka. Wanda ya ajiye ƙugiya wuri ɗaya ƙaguwa yake ciyarwa.

Baba ya ce, "Me ya ce?"

A garinmu ba a koya wa Baba su. Shi ake zuwa tambaya. In ce masa wani direban bas ya ce bai iya ba? Na ce, "Ya ce hannunka da kyau wajen jifa."

Baba ya ce, "Ka ce masa na gode. Amma ka gaya masa ya daina damun ruwan nan. Kifi ba ya son mai rawar hannu."

Na juya na ce wa Pak Cik Baba yana gaishe shi. Ya yi dariya ya ce, "Boleh, boleh," wato to, ba laifi.

Wannan safiya ta ba ni wuya. Na jefa tawa, na naɗe da sauri, na sake jefawa, zare ya harɗe, na zauna kwancewa ina zagin zaren a raina. Na tashi na je mota ɗauko ruwa, alhali da ruwa a jaka. Na dawo na tarar Pak Cik ya ciro kifi na farko. Baba bai ko juya ba. Can ya tashi ya janyo tasa, ƙugiya fayau, an cinye jatan landen tas. Ya sa wani, ya jefa, ya kafe, ya zauna. Haka har sau biyar. Pak Cik ya ciro na biyu, ya ciro na uku. Rana ta ɗaga, gumi ya jiƙa wa Baba hula, na ga yana satar kallon bokitin mutumin. Hannunsa a kan ƙirji, daidai inda aka ɗinke. Raina ya ɓaci, da shi da taurin kansa, da ni da tsorona, har da ƙaguwar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ni na san watakila wannan ce rana ta ƙarshe da zai riƙe ƙugiya, kuma ina kallo zai tashi hannu wofi saboda bakina ya ƙi buɗewa.

A karo na shida da ya ciro ƙugiya ba komai, na durƙusa gefen kujerarsa. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba abin da mutumin nan ya ce ke nan ba ɗazu. Ya ce kifin nan a kwance yake cikin yashi. Ba ya zuwa wurin abinci, sai an ja abincin ta gabansa. Wanda ake ajiyewa ƙaguwa ce take ci."

Na jira faɗa. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon hannun Pak Cik, yadda yake ja, yadda yake tsayawa. Sannan ya ce, "Ashe ragon kifi ne. Ɗaga ni."

Ya tsaya ruwa yana taɓa masa idon sawu. Ya jefa. Ya bar dalma ta zauna, sannan ya fara ja, a hankali fiye da mai koyarwar, zaren a kan ɗan yatsansa yana sauraron ƙasa. Jifa na farko ba komai. Na biyu ma haka. A na uku ya tsaya cak, ya ɗan saki zare, ya jira kamar mai ƙirga numfashi, sai ya ɗaga sanda. Kan sandar ya lanƙwashe. Na miƙa hannu zan taya shi, ya ture ni da gwiwar hannu.

Kifin bai fi tafin hannu biyu ba. Faffaɗa ne, sama launin yashi, ƙasa fari fat, idanun duka biyu a gefe ɗaya. Baba ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Ikon Allah. Wannan kamar an yanka shi biyu an sako rabi." Pak Cik yana ta tafi yana cewa, "Pandai, pandai!" Wannan karon na fassara daidai, na ce ya ce gwani ne.

Baba ya koma kujera yana haki kaɗan-kaɗan, kifin yana motsi a bokiti. Ya sha ruwa. Bai dube ni ba, teku yake kallo.

Ya ce, "Mutumin nan ya yi magana doguwa, ka ba ni gajeriya. Likita ma ran nan ya yi magana doguwa, har da ƙirga yatsu uku. Kifi na ganinka, mai jar koma. Me ya ce?"

Na zauna a yashi na faɗa masa. Kwalekwale, taru, birgi. Na faɗa har da cewa ba na wata ɗaya ba ne, ba na shekara ba ne. Ban rage komai ba.

Ya bi raƙuman ruwa da kallo suna zuwa suna komawa. Sannan ya ce, "In mun koma ka kira ƙanenka. Ka ce ya ja kwalekwalen zuwa mashigin gidansa, nasa ne." Ya goge fuska da bakin riga, ya miƙo mini ƙugiya. "Sa mini wani jatan landen. Wannan dai likitan bai hana ba, ko?"

Na ce bai hana ba.